Wa'azi a majami'a: amanar da ke wuyan fasto idan ya buɗe Littafi Mai Tsarki

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, bisa ƙidayar jama'a ta 2012, amma muryar masu wa'azinsu ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanen birni. Ana jin ta ranar Lahadi daga majami'un unguwanni a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ana jin ta a wasu gidajen rediyo masu zaman kansu, yanzu kuma ga ta tana yawo a wayoyin salula daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Wani fasto za ka ji shi yana bin nassi a hankali kamar malamin tafsiri. Wani kuwa daga farko har ƙarshe zancensa buɗi ne da arziki da karya asirin maƙiya. Maƙwabcin da ke saurare daga nesa yana iya tambaya: shin addinin nasu yana da ma'aunin da ake auna mai wa'azi da shi, ko kuwa kowa gashin kansa yake ci?

Ma'aunin yana nan, kuma ya girmi duk wata majami'a da ke ƙasar nan. A koyarwar Kirista, ta ƴan Katolika da ta ƴan Furotesta baki ɗaya, mai wa'azi ɗan aike ne. An ba shi saƙo ya kai, kuma za a tambaye shi ko ya kai shi yadda aka ba shi.

Mai shela da mai ajiya

Da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, wato kashi na biyu na Littafi Mai Tsarki. Ɗaya daga cikin kalmomin da ya fi amfani da su wajen zancen wa'azi asalinta aikin mai shela ne, mutumin da sarki ke aikawa kasuwa ya faɗi umarni. Bahaushe ya san wannan aiki. Idan sanƙira ya fita shela, ba wanda ke tambayarsa ra'ayinsa game da haraji ko ranar hawa. In ya sassauta maganar don jama'a su ji daɗi, ko ya ƙara mata gishiri don a ji tsoronsa, to ya ci amanar wanda ya aike shi, ko da kasuwa duka ta yi masa tafi.

Manzo Bulus, wanda wasiƙunsa suka ɗauki babban kaso na Sabon Alkawari, ya yi amfani da wani kwatanci makamancin wannan. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 4, ya kamanta kansa da abokan aikinsa da wakilin gida da aka damƙa wa dukiyar maigida, wanda da riƙon amana kaɗai ake auna shi. A wasiƙa ta biyu, sura ta 2, ya nesanta kansa daga masu mai da maganar Allah hajar kasuwa. Kalmar da ya zaɓa a wurin ta ƙananan ƴan tireda ce, waɗanda aka sani da algus, irin mai ƙara ruwa a nono ko mai tauye tiya.

Akwai kuma wasiƙarsa ta biyu zuwa ga almajirinsa Timoti, wadda al'adar coci ke ɗauka a matsayin wasiyyarsa daga kurkukun Roma. A sura ta 4 ya ɗora wa matashin nauyin yin wa'azi ko lokaci ya ba da fuska ko bai ba da ba, da tsawatarwa da ƙarfafa gwiwa cikin haƙuri. Ya kuma yi masa kashedi cewa zamani zai zo da mutane za su riƙa tara wa kansu malamai masu gaya musu abin da kunnensu ke marmari. Shi ya sa ake yawan karanta wannan sura ranar naɗa sabon fasto.

Tsohon Alkawari ya fi tsanantawa. A littafin Ezekiyel, sura ta 33, an kwatanta annabi da mai gadi a kan ganuwa. Idan ya hangi mayaƙa ya busa ƙaho, wani ya ƙi ji, laifin na wanda ya ƙi ji ne. Idan kuwa ya hango ya yi shiru, to jinin mutanen gari yana wuyansa. Wasiƙar Yakubu, sura ta 3, ta ma shawarci masu bi da kada su yi rububin zama malamai, domin hukuncin mai koyarwa ya fi na saura nauyi.

Ƙari, ragi da karkatarwa

Masu koyar da fastoci sukan nuna hanyoyi uku da amanar ke zubewa. Ta farko ita ce ƙari, wato mai wa'azi ya ɗauki mafarkinsa ko burinsa ya ce Allah ne ya faɗa. Littafin Irmiya, sura ta 28, ya ba da labarin wani mai suna Hananiya. A lokacin, Babila ta riga ta kwashi wasu mutanen Urushalima zuwa bauta. Hananiya ya tsaya cikin Haikali ya ce cikin shekara 2 za a karya ƙarfin Babila, kowa ya komo gida. Irmiya kuwa ya ce zaman zai kai shekara 70. Ba sai an faɗi wanda jama'a suka fi son ji ba. Amma labarin ya ƙare da mutuwar Hananiya a cikin shekarar, kuma bauta ta ci gaba.

Ta biyu ita ce ragi. Littafin Malakai, sura ta 3, misali ne da kowane mai zuwa majami'a ya sani. Aya ta 10 tana zancen kawo zakka, wato kashi ɗaya cikin goma, zuwa ɗakin ajiya na Haikali, tare da alkawarin albarka. To amma aya ta 5 a cikin wannan sura tana yi wa masu danne haƙƙin ɗan ƙwadago da masu zaluntar gwauruwa da maraya da baƙo kashedin hukunci. Faston da ke karanta aya ta 10 duk ƙarshen wata, amma bai taɓa karanta ta 5 ba saboda wani attajiri na zaune a sahun gaba, bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Duk da haka ya tauye saƙon. Da Bulus ke bankwana da dattawan ikilisiyar Afisa, a Ayyukan Manzanni sura ta 20, abin da ya kafa hujja da shi ke nan, cewa bai ɓoye musu wani sashe na nufin Allah ba, don haka jinin kowa ba ya wuyansa.

Ta uku, kuma wadda ta fi wuyar ganewa, ita ce karkatarwa: a tsinko aya daga muhallinta a sa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Aya ta 13 a sura ta 4 ta wasiƙar Filibiyawa ta shahara ƙwarai. Ana manna ta a jikin motoci da ƙofar shaguna a matsayin tabbacin nasara a kan kome. Wanda ya karanta ayoyi biyu da ke gabanta zai ga cewa Bulus, daga cikin kurkuku, yana bayani ne a kan yadda ya koyi wadatar zuci a cikin ƙoshi da cikin yunwa. Ƙarfin da yake nufi na jure rashi ne kamar yadda yake na riƙe samu. Haka nan aya ta 11 a sura ta 29 ta Irmiya, mai zancen kyakkyawan shirin Allah, an aika ta ne ga mutanen da aka gaya wa a aya ta 10 cewa sai sun cika shekara 70 a baƙuwar ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, marubutan ba su sa lambar sura ko aya ba. A ƙarni na 13 aka raba littafin sura-sura yadda yake a yau, aikin da ake dangantawa da Stephen Langton na Ingila. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Lambobin sun sauƙaƙa bincike, amma sun kuma sauƙaƙa yanke magana a tsakiya. Linjilar Matiyu, sura ta 4, ta nuna cewa Shaiɗan kansa ya jawo ayar Zabura lokacin da yake jarraba Yesu. Saboda haka jawo aya kaɗai ba ya zama shaidar gaskiyar mai wa'azi.

Doguwar hanya daga Girkanci zuwa Hausa

A Nijar nauyin ya ƙaru saboda yawan hannuwan da saƙon ke bi kafin ya kai kunne. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, da ɗan kaɗan na Aramiyanci, Sabon kuma da Girkanci. Fasto da yawa a birane da Faransanci suka yi karatu, galibi da fassarar Louis Segond ta 1910. A majami'un da suka haɗa ƴan ƙasa da baƙi daga Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya, sau da yawa fasto na magana da Faransanci, tafinta na tsaye kusa da shi yana juyawa zuwa Hausa ko Zabarmanci. Abin da tsohuwa a sahun baya ta ji, maganar tafinta ce. Idan ya gajarta, ko ya ƙawata, ko bai gane ba ya cike da nasa, amanar ta zube a hannu na ƙarshe, fasto bai ma sani ba.

Fassarar Hausa kanta tana da tarihi da ya taɓa ƙasar nan. Wani yaro mai suna Dorugu, wanda aka haifa a yankin Kance ta ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa, daga baya aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya yi aiki da ɗan mishan James Frederick Schön, wanda ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, da Sabon Alkawari a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da likita Walter Miller na Zariya ya yi tare da wasu ƴan mishan da Hausawan da suka taimaka musu. Wajen 1980 aka fitar da sabuwar fassara da Hausa mai sauƙi.

Masu fassarar sun ɗauki kalmomi da yawa da Bahaushe ya riga ya sani ta hanyar Musulunci: annabi, tuba, sujada, zakka, alheri, albarka. Wannan ya sa littafin bai zama baƙo a kunne ba, amma ya ɗora wa mai wa'azi aikin bayani. A bakin Kirista Bahaushe, sujada na nufin taron ibada gaba ɗaya, da waƙoƙi da addu'a da wa'azi. Alheri kuwa, a wasiƙun Bulus, yana nufin jinƙan Allah ga wanda bai cancanta ba. A kasuwa, in an ce wane ya yi mini alheri, kowa ya san kuɗi ko kaya ake nufi. Faston da ya ce alheri na zuwa bai fayyace ba, shi da masu sauraronsa suna iya rabuwa kowa da abin da ya fahimta.

Sai kuma matsalar karatu. Fiye da rabin manya a Nijar ba su karanta boko. Ga mai bi da yawa, musamman a ƙauyuka, abin da fasto ya ce yana cikin littafin shi ne abin da ke ciki. Ƴan mishan na SIM, waɗanda suka zauna a Damagaram tun 1924, daga baya a Tsibiri kusa da Maraɗi, kafin su buɗe asibitin Galmi a 1950, sun ba koyar da karatun Hausa muhimmanci don kowane mai bi ya iya duba littafin da idonsa. Ikilisiyar EERN da ta fito daga wannan aiki ta gaji al'adar.

Yadda ake shirya wa'azi

Riƙon amanar yana farawa ne tun kafin Lahadi. A makarantun horar da fastoci, irin makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agiye a jihar Maraɗi da babbar makarantar tauhidi ta ESPriT a Yamai, ɗalibi na koyon tambayar nassi kafin ya yi magana a kansa. Wa ya rubuta? Ga wa? A cikin wane hali? Waƙa ce ko doka, tarihi ne ko misali? Me ya zo gabansa, me ya biyo baya? Sai ya amsa waɗannan ne zai juyo ga tambayar da jama'a ke jira, wato me wannan ke cewa ga manomin da damina ta yi wa gardama, ko ga matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara uku ba labari.

Kowace ɗariƙa ta yi wa mai wa'azi wani shinge don kada ya riƙa kiwo a wuri ɗaya. A cocin Katolika, wanda ke da babban dayosis a Yamai da wani a Maraɗi tun 2001, fada ba ya zaɓar nassin Lahadi da kansa. Akwai jadawalin karatu na shekara 3 da aka tsara bayan babban taron Fatikan na 1962 zuwa 1965. Abin da aka karanta a Maraɗi shi aka karanta a Roma a wannan rana, ko ya yi wa fada daɗi ko bai yi ba.

A wajen ƴan Furotesta, tsohuwar hanya ita ce a ɗauki littafi guda a bi shi daga farko har ƙarshe, mako bayan mako. Ana ba da misali da Jean Calvin, wanda hukumar birnin Janeba ta kora a 1538. Da aka dawo da shi a 1541, jama'a na jiran ya huce haushinsa a kan waɗanda suka kore shi, sai ya buɗe littafin daidai inda ya tsaya ya ci gaba. Amfanin wannan hanya shi ne, aya mai ɗaci za ta iso da kanta, kuma ba wanda zai ce da shi ake.

Tuwo da wa'azi

Babbar jarrabawar mai wa'azi a ƙasa mai talauci ita ce abin sa wa a baki. Littafin bai hana fasto cin abinci daga aikinsa ba. Bulus ya kare wannan haƙƙi a sura ta 9 ta Korintiyawa ta farko, ko da yake shi kansa ya riƙa ɗinkin tanti don kada ya zame wa kowa kaya. Fastocin ƙauye da dama a ƙasar nan a kan wannan sawu suke: gona da damina, ɗan kiwo ko sana'ar hannu da rani, domin baikon da ake tarawa ranar Lahadi ba ya riƙe gida.

Abin da littafin ya la'anta shi ne sayar da abin Allah. A Ayyukan Manzanni sura ta 8, wani mai sihiri, Siman, ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon manzanni, Bitrus ya yi masa kaca-kaca. A littafin Sarakuna na biyu, sura ta 5, annabi Elisha ya ƙi karɓar lada bayan warkar da Na'aman, baransa Gehazi ya bi baya ya karɓa, ya ƙare da kuturta. Rikicin da ya raba cocin Turai a 1517 ma daga nan ya taso, lokacin da Martin Luther ya ƙalubalanci masu wa'azin da ke sayar da takardun sassaucin azaba.

A zamaninmu muhawarar ta koma kan abin da ake kira bisharar wadata, koyarwar da ke cewa wanda ya ba da kuɗi da bangaskiya dole ya sami arziki da lafiya. Ta bazu a Afirka ta Yamma tun shekarun 1980, ta hanyar kaset da talabijin da manyan taruka. Masu kare ta na cewa tana ba talaka fata da ƙwarin gwiwar neman na kansa. Masu sukarta, daga cikin Kiristocin kansu, na cewa tana ɗora wa marar lafiya laifin ciwonsa, kuma wanda ke yin arziki a zahiri shi ne mai karɓa. Babban taron ƴan bishara na duniya da aka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2010 ya yi tir da ita a takardar bayan taro. Bai kamata a yi wa dukan coci-cocin Fentikos kuɗin goro ba, domin da yawa daga cikin fastocinsu na adawa da wannan ciniki.

Inda ba mai tambayar mai wa'azi, abin na iya wuce asarar kuɗi. A 2023 aka tono gawarwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, na mabiyan wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, wanda aka gurfanar bisa tuhumar sa su azumi har mutuwa.

Gaban mai iko da gaban maƙwabci

Amanar tana da wani ɓangare da ke buƙatar ƙarfin hali. Littafin ya ba da labarin annabi Natan da ya fuskanci sarki Dawuda da laifinsa, da na Yahaya Mai Baftisma da aka fille wa kai bayan ya tsawata wa Hirudus. A tarihin kusa, babban bishop na Angilika a Yuganda, Janani Luwum, ya kai wa Idi Amin takardar koke a kan kashe-kashe da ɓacewar mutane, aka kashe shi a watan Fabrairun 1977. Kiristoci na kallon irin waɗannan a matsayin masu gadin da suka busa ƙaho.

Sai dai ƙarfin hali daban, zagi daban. Akwai abubuwan da Kirista da Musulmi suka saɓa a kansu. Kirista ya yi imani an gicciye Yesu, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Musulmi, wanda ke kiransa Annabi Isa, alaihis salam, bai yarda da haka ba. Faston da ya ɓoye wannan imani a majami'arsa don gudun ɓacin rai ya rage saƙo. Wanda kuma ya mai da mumbari wurin cin mutuncin addinin maƙwabta ya ƙara abin da ba a aike shi da shi ba, domin wasiƙar Bitrus ta farko, sura ta 3, ta shar'anta cewa mai bi ya ba da amsa game da imaninsa cikin tawali'u da girmamawa.

Ƙasar nan ta ga ranar da aka gwada wannan. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar adawa da zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe zuwa tarzoma a Damagaram da Yamai da wasu garuruwa. An kashe mutum 10, an ƙona gomman majami'u. An kuma sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Fastocin da suka tsaya gaban jama'arsu a makonnin da suka biyo baya suna da zaɓi. A cikin Zabura akwai addu'o'in neman sakayya a kan maƙiya, waɗanda da an tsinko su da sun dace da zafin zuciyar lokacin. Amma Kiristoci na karanta Tsohon Alkawari ne ta hasken koyarwar Yesu, kuma sura ta 5 ta Matiyu da ta 12 ta Romawa sun hana ramuwa, sun umarci a yi wa mai cutarwa addu'a. Shugabannin coci, na Katolika da na ƴan bishara, kiran yafiya suka yi. A nan biyayya ga nassi ta saɓa wa abin da zuciya ke so, kuma zaman lafiyar unguwanni ya amfana da ita.

Wa ke duba mai wa'azi?

Hukuma na da nata hurumi. A watan Yunin 2019 majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar da ta tsara gudanar da ibada a ƙasa, wadda ta shafi wuraren ibada da wa'azi na kowane addini. Ruwanda ta wuce nan a 2018, inda ta wajabta wa masu wa'azi takardar shaidar karatun tauhidi. Irin waɗannan dokoki na iya maganin tunzura jama'a da damfara. Amma ba alƙali ko kwamishinan ƴan sanda da zai iya yanke hukunci ko fasto ya fassara Irmiya daidai. Wannan aikin na cikin gida ne.

A cocin Katolika bishop ne ke ba da izinin wa'azi, shi ne kuma ke iya janye shi. A ikilisiyoyin ƴan bishara akwai dattawa da majalisun ɗariƙa da ke iya kiran fasto su tambaye shi, har su dakatar da shi. Haɗarin ya fi yawa a majami'ar da mutum ɗaya ya kafa, shi ne fasto, shi ne ma'aji, shi ne mai hukunci, ba wanda ke samansa.

Ana kuma duba halin mutumin. Sharuɗɗan shugaban ikilisiya a wasiƙar Timoti ta farko, sura ta 3, kusan dukansu na ɗabi'a ne: kamun kai, karɓar baƙi, nisantar maye da faɗa da son kuɗi, riƙon iyali, da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba Kiristoci ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana nufin cewa a gari kamar Tawa ko Ƙonni, abin da mai shago da maƙwabci Musulmi suka sani game da biyan bashin fasto da cika alkawarinsa yana cikin ma'aunin. Agustin, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ya koyar da cewa rayuwar mai magana ta fi fasahar bakinsa nauyi a wurin masu sauraro.

Mai dubawa na ƙarshe shi ne mai sauraro. Ayyukan Manzanni, sura ta 17, ta yaba wa mutanen garin Biriya saboda bayan sun saurari Bulus sukan koma kowace rana su binciki littattafai su ga ko abin da ya faɗa haka yake. Idan an bincika maganar manzo aka kuma yaba wa masu binciken, babu faston da ya fi ƙarfin tambaya. A yau hanyar ta yi sauƙi. Littafin yana cikin waya da Hausa da Faransanci, har da na saurare ga wanda bai iya karatu ba. Mai bi na iya komawa gida ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa surar gaba ɗaya, daga aya ta farko, ya ji ko abin da aka gaya masa da safe yana ciki. Haka ma ɗan guntun wa'azin da aka turo a waya, na minti ɗaya ko biyu, bai isa a yanke wa mutum ko addininsa hukunci da shi ba sai an ji abin da ya gabace shi.

Tsofaffin masu bi a majami'un Hausa suna da wata alama da suke gane mai riƙon amana da ita. Kafin ya fara magana zai faɗi littafi da sura da aya, ya maimaita, sannan ya dakata har kowa ya buɗe.